Yaya Furera Mai Haƙori Ta Tafi, Mai Filaya Ya Dawo

Ranar Alhamis, 14 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, ina cikin aji ina duba aikin yara sai wayata ta yi ƙara. Karima ce, babbar 'yarki. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Mama Magdalena, Umma ta cika." Allah ne ya ba mu ke, shi kuma ya karɓi abinsa. Hawan jinin da kika daɗe kina fama da shi ne ya kayar da ke a tsakar gida, ba ki kuma ƙara magana ba. Kafin la'asar an kai ki makwancinki.

Ga wanda bai san ki ba, ke ce Furera matar Malam Salmanu, ma'aikaciyar lafiyar haƙori a nan Birnin Gwari, wadda gari duka ke kira Furera Mai Haƙori. Ni kuwa Yaya nake ce miki, domin katanga ɗaya ce tsakaninmu tun shekarar da aka turo ni koyarwa daga Zonkwa. Ni Kirista, ke Musulma, amma da maigidana Edward ya kwanta ciwon da ya zama ajalinsa, ke ce kullum da safe kike miƙo kunu ta saman katangar nan, ki tsaya sai kin ji ya sha.

Na so a ce wannan rubutu yabo ne zalla, Yaya Furera. Amma abin da na gani tun rasuwarki ya cika min ciki da ƙyama, kuma ke ba ki taɓa son a rufe ƙazanta da zane ba.

Bari in fara da abin da ke sa ni murmushi. Ba ki iya gaisuwa kamar sauran mutane ba. Mutum na tambayarki gajiya, ke kuwa idonki na cikin bakinsa. Da kika fara zuwa makarantarmu duba yara, kin zo da damin reshen dogonyaro a ƙarƙashin hammata, kika yayyanka, kika raba wa duk wanda ba shi da buroshi, kika ce asuwaki ba abin kunya ba ne, rashin yi ne abin kunya. Kika nuna musu yadda ake bi ta ciki da waje, har gindin dasashi, da safe da kuma kafin a kwanta. Kika ce wanda ke da man goge baki ya tofar, kada ya haɗiye, kuma kowa da nasa buroshi, ko da uwa ɗaya ta haife su. Mu iyaye mata kuwa kin sha yi mana faɗa a kan zuba lemon kwalba a robar jariri, da toshe bakin yaro da alawa duk sanda ya yi kuka. Idan wata ta ce ai haƙoran farko ne, za su zube da famfara, sai ki ce, "In ya ruɓe, wa zai tauna masa abinci kafin na biyun su fito? Ke?"

A wannan lokacin ne wani mutum ya fara zuwa kowace ranar kasuwa. Ba zan sa sunansa kusa da naki ba. Yana shimfiɗa tabarma a bayan 'yan kifi, ya kafa amsa-kuwwa, ya zube tulin haƙoran mutane a kan farin tsumma don a ga ƙwarewarsa. Wasu baƙaƙe ƙirin, wasu da busasshen nama a jikin saiwarsu, ƙudaje na tashi daga kan kifi su sauka a kansu, su koma. Filayarsa guda ɗaya ce, irin ta masu gyaran babur. Ya fito da ita daga bakin wannan, ya goge a gefen wandonsa, ya tura a bakin na gaba. Mai kogon haƙori kuwa ya ɗiga masa ruwan batir a auduga ya cusa. Babbar sana'arsa ita ce cire tsutsa. Ya zuba wasu ƙwayoyi a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya sa mutum ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sannan ya nuna masa wasu farare-farare suna yawo a kwanon ruwa, ya ce ga tsutsotsin da ke cin haƙorinka nan.

Tun farko kin yi magana, ba wanda ya saurare ki. Sai da aka kawo Talatu.

Talatu 'yar Malam Mamuda ce, wani manomi daga Randagi, yarinya da ba ta gama firamare ba. Haƙorin turmi ya dame ta, mahaifinta ya ɗauko ta a babur ranar kasuwa da niyyar kawo ta wurinki. Amsa-kuwwar ce ta tare shi a hanya. Mutumin ya danne kan yarinyar a cinyarsa ya ja, haƙorin ya karye, rabi ya fito, rabi ya zauna. Da fuskarta ta fara kumbura, mutumin ya riga ya gaya wa uban cewa alamar tsutsa na mutuwa ce, kada ya damu. Saboda haka aka zauna a gida ana jira. Ranar da Malam Mamuda ya dawo da ita, ƙofar gidanki ya buga domin ranar hutu ce, ni kuma ina wurinki muna tsintar shinkafa. Kumburin ya sauka daga haɓa har wuya, ya yi tauri kamar katako. Bakinta ba ya buɗuwa, miyau na zuba, warin mugunya ya cika zauren. Numfashinta kamar ana jan zare ta cikin kara.

Ba ki yi wa uban faɗa ba. Kika ɗauke ta da kanki zuwa asibiti, aka sa mata ruwa da allurai, aka ce sai Kaduna, domin aikin ya fi ƙarfin nan. A kwanakin nan kuwa mota ba ta shiga dajin sai an taru an sami rakiyar jami'an tsaro. Kika zauna da ita a tasha, kanta a kan cinyarki, kina yi mata fifita da gefen mayafinki. Motocin ba su tashi ba sai da rai ya yi halinsa.

Da kika dawo gida ba ki yi kuka ba. Kin zauna a bakin rijiya kina ta wanke hannu, kika ce min, "Magdalena, haƙori ɗaya fa. Haƙori ɗaya tak."

Ranar kasuwa ta gaba na bi ki, domin na ga yadda kika ɗaura ɗankwali. Kin ratsa taron har gaban tabarmar, kika yi sallama kamar yadda ya kamata, kika ce masa yau ke ma kina son a cire miki tsutsa, amma ba daga bakinki ba. Kika ɗebi ƙwayoyinsa, kika zuba a garwashinsa, kika kifa mazurarin a kan kwanon ruwan, babu bakin kowa a wurin. Da hayaƙi ya lafa kika ɗaga, sai ga fararen abubuwan nan suna yawo. Zafin wuta ne ke fasa ƙwayar, farin cikinta ya fito. Kika zagaya da kwanon kowa ya leƙa.

"To jama'a," in ji ki, "wannan kwanon haƙoransa nawa?"

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, na ɗauka an gama. Amma kafin ki kai bakin hanya wani dattijo daga cikin masu faɗa a ji a kasuwar ya tare ki, ya ce, "Hajiya, ba kyau mace ta tozarta magidanci a bainar jama'a. Abincinsa yake nema." Kika ce, "Baba, yarinyar da aka binne fa?" Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare."

Wannan kalmar ba ta taɓa fita daga kunnena ba. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, babu mai musu da ƙaddara. Amma a ɗauki sunan Allah a lulluɓe filaya mai tsatsa da shi, wannan ya fi tulin haƙoran nan ƙazanta. Aka je har gida aka sami Malam Salmanu wai ya ja wa matarsa kunne. Aka ce kishi kike yi don an kwashe miki mutane. Aka ce tun kakanni ake cire tsutsa, yau ce za a ce babu ita. Allah ya saka wa mijinki da alheri, ya ba su ruwa suka sha, ya raka su ƙofa, bai kuwa ja miki kunnen ba. Ke kuwa kowace ranar kasuwa kika riƙa zuwa ki tsaya nesa kaɗan da tabarmar, da farar rigarki ta aiki, ba ki zagi kowa ba. Duk uwar da ta nufo wurin da yaro sai ki gaishe ta, ki ce ta ba ki ki duba tukuna. A hankali layin ya ragu, har wata rana mutumin ya naɗe tabarmarsa, ba a sake ganinsa ba.

Daga nan kika ce jiran mutane su zo ba zai yi ba. Kika fara hawa babur zuwa Kuyello da Kazage da Randagi, a lokacin da maza ma ke tunani kafin su bi hanyoyin nan. Ina tuna damina, ki dawo da laka har gwiwa, masara ta rufe hanya ta yadda ba a ganin abin da ke gaba. Na sha ce miki ki duba hawan jininki, ki duba 'ya'yanki. Sai ki ce 'ya'yan can ma 'ya'ya ne. Kina tara mata a gindin bishiya ki gaya musu abu mai sauƙi: a kuskure baki bayan cin zaƙi, ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari na rage zafi amma ba sa warkar da kogo, kada a sa ruwan batir ko fetur ko garin taba, kuma idan fuska ta kumbura, ranar a kama hanya, ba gobe ba. Malam Mamuda ne ke ɗaukarki a babur ɗinsa duk sanda za ki Randagi. Bai iya jawabi ba. Idan kin gama sai ya miƙe ya ce, "Ni ne uban Talatu. Ku ji abin da ta faɗa." Ya zauna.

Ranar jana'izarki gidanku ya cika, har ƙofar gidana an shimfiɗa tabarmi. Daga cikin gida na hango dattijon nan a sahun gaba na masu karɓar gaisuwa, yana girgiza kai, yana gaya wa mutane garin nan ya yi babban rashi, wai ke uwa ce ga yaran kowa. Na shiga ɗaki don kada bakina ya kubce a gidan makoki. Ba a yi addu'ar bakwai ba, Yaya, sai ga amsa-kuwwa a bayan 'yan kifi, mai filayar nan ya dawo. Wuri ɗaya, tsumma ɗaya, tulin ya ma ƙaru. Wani ne ya aika masa da labarin rasuwarki, wani ne kuma ya ba shi wurin. Na tsaya na ga wata mata da ta sha zama a gabanki tana riƙe hannayen ɗanta ta baya. Na yi mata magana, ta kawar da kai. Ni ba ni da farar riga, ba kuma wanda ya san ni da haƙori. Na juya na koma gida.

Ɗakinki na asibiti a kulle yake, an ce ana jiran a turo wani. A makon da ya wuce wata mata daga Kazage ta buga ƙofata bisa kuskure, tana goye da yarinya mai kumburarren kunci. Ta ce gidan Mai Haƙori take nema, ta taɓa jin ki a gindin bishiya, kin ce in fuska ta kumbura a kama hanya. Na gaya mata kin rasu. Sai ta ce, "To yanzu ina za mu?" Na kai ta wurin David, ma'aikacin jinyar da kuka yi aiki tare, ya ba yarinyar magani, ya ce a wuce Kaduna ranar. Na raka su tasha ta bayan gari, na tsaya har motar ta tashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Salmanu, mijin da bai taɓa tare wa matarsa hanyar alheri ba, da Karima da ƙaninta Abdulfattah, da 'yan'uwanki duka, da Malam Mamuda wanda ya zo daga Randagi ya zauna a ƙarshen tabarma. Allah ya ba ku haƙuri, ya zama gatan marayu. Allah ya turo mana wanda zai buɗe ɗakin nan, ya kuma ba iyayen garin nan kunyar da za ta hana su miƙa 'ya'yansu ga ƙazanta.

Jiya matar Kazage ta ari waya ta kira ni. An yi wa yarinyar aiki, kumburin ya saɓe, har ta ci tuwo. Na so in leƙa ta saman katanga in gaya miki.

Allah ya jiƙanki da rahama, Yaya Furera. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.

Maƙwabciyarki,
Magdalena Edward
Birnin Gwari