Karen Sedgefield da Kwanon Lalle

Ni da na taso a kan littattafan soyayya na kasuwa, na san yadda ake shiga aiki a babban gida. Yarinya takan yi sallama kanta a ƙasa, wani ya sauko daga bene yana ƙamshin turare, daga nan rayuwa ta juya. Da aurena na zo Greensboro, can ƙasar Turawa, ba na neman kowa, amma raina ya so a ce gidan da aka samo mini aiki a unguwar Sedgefield yana da ɗan wani abu irin wannan, ko da ɗaki ne a kulle da sirri a cikinsa. Abin da ya sauko daga bene ranar farko ɗan kwikwiyo ne, ya zo da gudu ya cafke gefen hijabina.

Mai gidan tsohuwar Baturiya ce mai ciwon ƙugu, ina kiranta Mama. Wata Anti 'yar Maraɗi da muke hawa ɗaya a afatmen, benen hayar da muke zaune, ita ta kai ni, ta dafa kafaɗata ta ce wa tsohuwar wannan ƙanwarta ce, ko zinariya aka bar mata za a dawo a tarar. Aikin nan shi ne karo na farko da na fita daga ɗakuna biyu na afatmen da ƙafata, na hau bas zuwa difo, babbar tashar, na canja wata, ba tare da na jira maigidana ya taso daga shif ɗinsa na aiki can Wendover ba. Ban so in rasa shi, ban kuma so in kunyata Anti.

Tun farko na faɗa wa Mama ba na taɓa kare, ta ce babu damuwa. Kwikwiyon fari ne tas kamar kindirmo, gashinsa laushi kamar audugar da aka shiɓe, kunnuwansa ne kawai suka ɗan yi duhu. Takan ɗora shi a cinya tana kiransa farin yaronta. Ni kuwa ina zagaye shi kamar yadda ake zagaye kwata.

Wata biyu da fara aikina aka tafi da ita wata jiha wajen 'yarta, za a yi mata aiki a ƙugu. Ɗanta zai riƙa kwana a gidan, ni in zo da rana in share, in zuba wa karen abinci, in buɗe masa ƙofar baya. A bakin mota ta riƙe hannuna ta ce ta bar mini amanarsa. Ni da ɗan nata ba ma haɗuwa, sai dai ya manna mini takarda a jikin firij. Da a littafi ne, da wasiƙu ne masu sa kuka. Nasa cewa suke abincin kare ya kusa ƙarewa.

Wata Juma'a aka ce in je in yi wa wata amarya lalle bayan na tashi. Jan lalle yana son ya tsima, don haka na kwaɓa shi a kicin ɗin Mama, kwano guda cike, na ajiye a matakalar baya inda rana take. Na shiga goge bene. Da na fito, kwanon yana kife a ciyawa, karen yana birgima a cikin abin da ya zube, yana kaɗa jela kamar an yi masa albishir. Na sa safar roba har gwiwar hannu, na jawo tiyo na fesa masa ruwa daga nesa har sai da ya fito fari. Amarya ta samu lallen aro, ni kuma na ce magana ta wuce.

Bayan kamar sati uku na ga wani layi ya fito a gadon bayansa, daga wuya zuwa jela, launin shayi da madara. Sati na gaba ya sauko kafaɗu. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsa. Na san lalle. Ba ranar da aka sa shi yake nuna kansa ba, sai ya kwana.

Da yamma na ƙwanƙwasa wa Anti, na same ta tana kankare katin waya za ta kira gida.

"Ke ƙanwata, kare kika yi wa lalle? Wa zai aure shi?"

"Anti, don Allah ki bar wasa. Me ke fitar da shi?"

"A fata, lemun tsami da haƙuri. A gashi kuwa, kin taɓa ganin Alhajin da ya rina gemu ya wanke ya fita? Sai dai sabo ya tsiro. Ki buɗa gashin ki duba gindinsa. In fari ne, dakwar, shi ke nan, kin tsira."

Washegari na durƙusa, ni da ko inuwar kare ba na son ta taɓa ni, na sa yatsu na buɗa gashin bayansa. Ja ne har gindi. Da na faɗa wa Anti sai ta ajiye ludayi ta ce to ya sha ne, ya shiga jini, ita ba ta taɓa jin irinsa ba, kuma kada in kuskura in ce a wajenta na sayi lallen.

Daga nan na shiga wankan kare. Kwana biyu-biyu, da sabulu da buhun lemun tsami da nake saya a hanya. Na ware riga ɗaya da zani ɗaya na wannan aiki, ina ƙulle su a leda. Shi kuwa ya ɗauka soyayya ce. Yana jin ƙarar bokiti zai zo ya tsaya, in na sunkuya ya lashe mini wuyan hannu daidai inda safar ta ƙare, in tashi in je in wanke sau bakwai, ɗaya da jar ƙasar bayan gidan, in dawo ya girgiza jiki ya jiƙa ni daga sama har ƙasa. Sallar azahar ta koma sai na yi wanka na canja kaya. Maigidana ya tsinci dogon gashi a miyar kuɓewa, ya ɗaga shi a fitila ya ce, "Hajiya, wannan dai ba naki ba ne, naki bai kai nan kyau ba." Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Karen kuma sai ƙara ja yake. Laushin nan ya zube a kan kujeru, wani gashi mai sheƙi ya fito, ƙirji da jela suka yi tuƙu-tuƙu, launin ya tashi daga shayi ya koma zuma. Takardun firij ba su taɓa ambatar komai ba, ni kuwa na san irin wannan shiru: mutum yana tara hujja ne sai ranar da uwarsa ta dawo. A bas nakan tsara yadda za a yi. Zan tsaya a tsakiyar falo, hawaye ɗaya zai gangaro, in ajiye mabuɗi a tebur in fita ba waiwaye, ana ruwan sama.

Ranar da Mama ta dawo, bayan wata huɗu, rana ake ƙwal. Ta shigo tana dogara sanda, karen ya taho zai kayar da ita, sai da ɗanta ya riƙe shi. Ta zauna tana shafa shi tana cewa dubi yadda ya zama. Ban bari ta ƙarasa ba. Na fara jawabina da Turancin da na haddace, ya watse tun a jimla ta biyu, na koma nuni da hannu: kwano, matakala, birgima. Na nuna mata jan da ke farcena don ta gane abin da nake nufi.

Ta dube ni, ta dubi karen, sai dariya ta kama ta har tana riƙe ƙugu tana cewa in bari, ɗinkin zai buɗe. Da ta samu numfashi ta ɗaga kunnensa ta shimfiɗa a kan bayansa. Launi ɗaya ne, ba bambanci ko kaɗan. Ta ce duk irinsu haka suke, da fari ake haihuwarsu, kunne ne ke faɗin launin da za su zama in sun girma, ita tun ranar da aka kawo shi ta san ja zai yi. Ta aiki ɗanta ya ɗauko hotunan karen da ta yi kiwo a da: ga shi fari a kwando, ga shi ja a bakin tafki, ga shi fuskarsa ta yi furfura.

Dariyar ta tsaya ne da ta kai hannu cikinsa ta ji fatar ta bushe tana ɓarewa. Ta tambaye ni da me nake masa wanka, sau nawa. Na faɗa. Na fara laluben mabuɗi a jaka. Sannan ta ce lemun tsami na shayi ne, kada ya sake kusantar karenta, za a kai shi likita a karɓo man shafawa. Ta ƙara da cewa bai taɓa tsayawa wani ya yi masa wanka ba sai ni, ita kuma ba ta iya sunkuyawa yanzu, don haka wankan ya zama nawa, sau ɗaya a wata, taje kuma kullum.

Na buɗe baki in tuna mata ni ba na taɓa kare. Karen yana zaune a kan ƙafata.

Shekara biyar na yi a gidan. A ta ƙarshe wasu fararen gashi suka fara fitowa a gefen bakinsa, suka haura zuwa ƙarƙashin ido. Na gan su tun ranar farko, ina riƙe da mataji. Na taje su tare da sauran na tashi na ɗora ruwan shayi.