Kawu da Littafin Bajamushe

Jiya ina gyaran lambu a Pleasant Garden na tono tsingaron tukunya, sai na tuna marigayi Kawu, malamin tarihi. Shi kam ɗanɗana tsingaro yake yi, wai gasasshen yumɓu yana kama harshe.

Wata rana na same shi da littafin wani masani Bajamushe, mai cewa duk inda aka tono tukwanen kakannin Jamusawa, ƙasarsu ce.

Na ce, "Kawu, ba da wannan maganar aka mamaye ƙasashen mutane ba?"

Ya ce, "Da ita ce. Amma mutumin ya san tukwane. Inda ya kauce nake nema, don a garinmu ma an fara irin zancen, wai ƙasa ta masu tukwanen da ke cikinta ce."

Allah ya jiƙan Kawu, ya tsare garinmu daga abin da ya hango.