Ranar da Na Sa Ɗalibina Ya Kunna Kyamara

Shekarun baya, lokacin kullen korona, jami'ar da nake koyarwa a Inugu ta ce kowa ya koma darasi ta intanet. Horon awa biyu aka yi mana, aka sallame mu. Ni da na saba da alli da allo, sai ga ni a ɗakina a unguwar Hausawa ina yi wa kwamfuta lacca. Ranar farko na daɗe ina zuba bayani, ashe makirufo a kashe yake. Matata kaɗai ta amfana, daga kicin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin ganin fuska. In yi tambaya, shiru. Ban sani ba ko ana saurare ko an ajiye wayar an kama wata hidima. Sai na kafa doka: duk wanda na kira sunansa ya kunna kyamara, in ya ƙi na rubuta bai zo ba.

A ajin akwai Bahaushe ɗaya tal, haifaffen Anacha, ɗan shekarar ƙarshe. Kullum tsaf da shi, kuma ba wanda ya kai shi ƙoƙari. Wata safiya na kira shi. Ya ba da amsa daidai, amma babu hoto, ga hayaniya a bayansa.

"Kunna kyamara," na ce da Turanci.

Sai ya juya harshe zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, don Allah a yi mini uzuri yau."

Hausar ce ta tunzura ni. Tsoro na ji kada sauran su ce ina fifita ɗan'uwana. Na maimaita da Turanci, da ƙarfi, na ce doka ta hau kan kowa.

Ya kunna. Yana tsugune a gindin wata tirela a kasuwa, singileti ta jiƙe sharkaf, gammo a ka, buhunan albasa a bayansa, littafi a kan gwiwa. Dako yake yi.

Na yi sauri in rufe hoton, sai na danna abin da ya sa fuskarsa ta cika wayar kowa. Nan take saƙonni suka fara zubowa. Wani ya rubuta: "Aboki, how much for one bag?" Dariya ta ɓarke. Ban san yadda ake toshe bakin aji ba, ina ta danne-danne ina ihun su bari. Shi kuwa ya dube ni na ɗan lokaci, ya fita daga darasin.

Kafin la'asar hoton ya zagaye ɗaliban sashenmu. Bai ƙara shiga darasi ba, kuma ba ya ɗaukar wayata.

Da aka buɗe hanya na hau mota zuwa Anacha. Wani dattijo mai canji ya raka ni inda 'yan dako ke zama. A hanya ya gaya mini mahaifin ɗalibin ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki tun farkon kulle, yanzu ɗalibin ke ci da gidan.

Da ɗalibin ya gan ni, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo mini benci. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya dawo, zango ɗaya ya rage masa.

"Malam, ba dakon nake jin kunya ba," ya ce. "Na roƙe ka da harshenmu ne don kada su ji. Na ɗauka kai za ka gane."

Ya ce ya yafe mini, amma ba zai iya sake zama a cikinsu ba. Kuma bai dawo ba. Daga baya na ji ya koma Fatakwal, yana tsaron rumfar albasa ta wani kawunsa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan na'urar da ban iya ba. Amma ba na'ura ce ta ƙi jin roƙonsa ba. Ni ne na zaɓi in wanke kaina a idon mutanen da ba su zarge ni da komai ba, da mutuncinsa na yi hakan. Ranar da aka yaye 'yan ajinsu, an sa ni karanta sunayen sashenmu. Da na zo inda nasa zai kasance, sai da abokin aikina ya taɓa ni kafin na ci gaba.