Karen da Muka Yi Shekara Muna Zaɓa

Shekarar 'yata tara lokacin da ta fara maganar kare. Ita ce babba, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata. Wannan ma yana cikin abin da ya ja mini, domin da wuya mutum ya dubi wadda yake kira uwarsa ya ce mata a'a kai tsaye. Ni dai ban iya ba.

A lokacin muna haya a wani bene a bayan titin Wendover a garin Greensboro, kusa da siton da nake aikin lodin kaya. Dokar gidan ta hana ajiye dabba, kuma babu dokar Amurka da na ƙaunata kamar wannan. Duk ranar da ta taso da zancen sai in buɗe hannuwa in ce, "Mamana, ni mene ne nawa? Masu gida ne suka hana. Bari Allah Ya ba mu gida mai fili." Na faɗa ne kawai yadda ake faɗa, ban zaci za a amsa addu'ar da wuri haka ba.

A 2004 muka koma unguwar Glenwood, wani tsohon gidan katako mai ɗaki uku, da fili a baya wanda aka kewaye da waya. Ranar tashi, ina fama da katifa a ƙofa, na hango ta tana auna filin da taku, tana ƙirgawa. Ta dawo da gudu ta ce, "Baba, ga fili. Har da fence."

A nan ya kamata in zaunar da ita in gaya mata gaskiya. A Kano inda na tashi, kare na mafarauta ne da masu gadi, ba ya taka ɗakin mutane, in ya sa baki a kwano sai an wanke sau bakwai. Ban da wannan, mu Hausawan Greensboro ba mu da yawa, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Tun kafin mu gama shirya kaya an riga an yanke cewa a gidana za a riƙa taron ƙungiyarmu na wata-wata, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, a ci tuwo a yi sallar la'asar a falo. Da na tuna fuskokin mutanen nan suna sallama kare yana amsa musu, sai na yanke cewa kare ba zai shigo gidan ba. Amma maimakon gaskiya, sai na zaɓi wayo.

Na ce, "Ai kare iri-iri ne, Mamana. Ba kowanne ne zai zauna da iyali irin namu ba. Ki bincika ki samo mana wanda ya dace da gidan Musulmi. In kin samo, ni zan kawo miki shi."

Ta ce, "Ka yi promise?"

Na ce, "Na yi alkawari."

A tunanina sati biyu za ta yi ta gaji, ta koma kan keke ko wata 'yar tsana. Haka ake yi mana muna yara, ba a hana ka abu, sai dai a yi ta ɗaga maganar har ta mutu da kanta. Ashe ban san 'yar da na haifa ba.

Asabar ta farko ta sa na kai ta laburare. Ta fito da littattafai har haɓa, duk na karnuka. Ta ware littafin rubutu guda, ta ja layi da rula, kowane irin kare da shafinsa: girmansa, abincinsa, halinsa da yara, shekarun da yake yi a duniya. Bayan wata guda ta kawo mini na farko, labrador, wai ya fi kowane kare haƙuri da ƙananan yara, ga shi muna da ƙaninta mai rarrafe. Na karɓi littafin na ɗaure fuska kamar alƙali, na dubi hoton na ce, "Dubi harshensa. Wannan ai dalalar yawu zai yi ta yi, mu kuma masu alwala ne." Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki biro ta ƙara layi a kowane shafi, ta rubuta yawu.

Haka muka yi ta yi. Ta kawo wanda ba ya dalala, na ce gashinsa zai zube a kan dardumar salla. Ta kawo mai nannaɗaɗɗen gashi wanda ba ya zuba, na ce irin waɗannan haushi gare su, maƙwabta za su kira mana 'yan sanda. Ta kawo wani ɗan mitsitsi, na ce sanyi zai kashe shi a waje. Ta kawo ƙato, na ce zai danne ƙaninta. Duk sharaɗin da na ƙirƙiro, sai ta karɓe shi da hannu biyu kamar karatu aka biya mata, ta koma ta sake tace littafin daga farko.

Matata, mamansu, ta gane ni tun ranar farko. Wata rana muna kicin tana yanka kuɓewa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Baban yara, ka gaya wa yarinyar nan ba za ka saya ba. Kukan kwana biyu ne ta haƙura."

Na ce, "Ki bar ni da ita, za ta manta."

Ta ce, "Wadda take kwana da littafin a ƙarƙashin filo ce za ta manta?"

Akwai abin da ban gaya wa mamansu ba, shi ne ina jin daɗin abin. Kafin zancen kare, hirata da 'yata ba ta wuce kin yi salla, kin yi aikin makaranta. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, a gajarce, ta wuce ɗaki. Yanzu kuwa kowace Asabar tana gaban mota kusa da ni, bakinta ba ya rufuwa. Saboda ta shawo kaina har Hausa ta fara ƙoƙartawa, tana tambayata yadda ake cewa jela, yadda ake cewa ɗan kwikwiyo. A hanyar dawowa mu tsaya in saya mata soyayyen dankali, tana ci tana karanta mini. Na san da ƙarya na sayi waɗannan Asabar ɗin, amma ban so su ƙare ba.

Sai ta yi abin da ban yi tsammani ba. A Islamiyyar ranar Lahadi ta ɗaga hannu ta tambayi malaminsu hukuncin ajiye kare. Malamin, wani bawan Allah ɗan Damagaram da ba ya ɓoye ilimi, ya ce mata in na gadi ne, a tsakar gida, da kwanonsa daban, babu laifi. Ta dawo gida kamar an ba ta kyautar mota.

Ranar Juma'a bayan an idar, muna neman takalma a ƙofar masallaci, malamin ya ce mini cikin raha, "Malam, ashe gadi za a ƙara a gida?" Ya ba da labarin, aka tuntsire da dariya. Wani dattijo cikinmu, Alhajin da duk muke girmamawa, bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "To, in an kawo shi sai a sanar da mu, mu nemi wani gidan taron. Haka ake farawa. Yau kare, gobe a sa shi a gaban mota, jibi a ce shi ma ɗan gida ne."

Na yi wuf na ce, "Haba Alhaji, zancen yara ne. Lallaɓa ta kawai nake yi." Ya gyaɗa kai, ni kuma na ji sanyi a raina kamar na ci jarrabawa. A ranar na san ba addini ne ya hana ni ba, tunda malam ya riga ya yi magana. Bakin mutane nake tsoro.

Cikin hunturun da ya biyo baya ta same shi. Na dawo daga aiki na tarar da ita a bakin ƙofa da littafin a buɗe. Sunan irin karen basenji. Ba ya haushi sam, ba ya dalala, gashinsa gajere ne, yana lasar jikinsa ya tsabtace kamar kyanwa. Ta bi sharuɗɗana ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowanne ta yi masa maki. Sannan ta ajiye babbar hujjarta a ƙarshe: "Baba, kuma ɗan Afirka ne, irinmu." Wata ma'aikaciyar laburare ta taimaka mata a kwamfuta har sun samo wata mai kiwonsu, tafiyar awa guda daga gari, kuma karyarta ta haihu.

Na laluba kaina kaf ban sami sabon sharaɗi ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce ta shiga mota ranar Asabar mu je mu gani.

Mai kiwon wata dattijuwar Baturiya ce mai takalmin roba, gidanta a cikin gona. Da na ga karnukan sai da na kusa dariya. Jajaye ne da farin ƙirji, kunne a tsaye, jela a naɗe, sak karnukan ƙauyen kakannina da muke kora da dutse. Mamana ta durƙusa a cikin ciyawa, 'yan kwikwiyo biyar suka yanyame ta. Ɗaya ya haye cinyarta ya cusa kai cikin rigar sanyinta ya yi barci. Ba ta motsa ba, ko numfashi a hankali take yi. Ta ɗago ta ce mini da raɗa, "In ya lashe ni, wanke hannu kawai zan yi, ko?"

Matar ta yi mini tambayoyi kamar mai ba da 'ya. Wa ke gida da rana? Wayar filin tana da tsawo? Kowa a gidan ya yarda? Na ce e, na ce e, na ce e. Ta ɗaura wa ɗan kwikwiyon zare ruwan ɗorawa a wuya, alamar an kama shi, ta ce mu dawo bayan sati biyu in an yaye shi.

Sati biyun nan 'yata ta share ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan gida, ta shimfiɗa tsohon bargo. Ta karɓi kwano ɗaya wajen mamanta ta shafa masa jan fenti a gindi don kada ya taɓa haɗuwa da na gida. Ba wanda ya sa ta.

Ana saura kwana uku, lokacin hutun cin abinci a wurin aiki, na shiga mota na rufe gilashi na kira matar. Na ce mun fasa. Ta ce, "Ka gaya wa yarinyar?" Na ce na gaya mata. Da yamma na zaunar da Mamana a falo na ce matar ta kira, an yi kuskure, ashe wasu sun riga mu, an ba su shi. Na haɗa da baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba na shafa mata baƙin jini.

Ta yi kuka irin wanda ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Ta shige ɗaki. Ni kuma na zauna na shirya fuskata irin ta wanda aka zalunta. Mamansu ta tsaya a ƙofar kicin ta dube ni, ta ce a hankali, "Ba zan tona ka ba, amma kada ka sa bakina a ciki."

Dab da magariba yarinyar ta fito, idanunta sun kumbura. Na ɗauka rigima za ta yi, har na shirya amsa. Sai ta zo ta zauna a hannun kujerata, ta dafa kafaɗata, ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Baba, kada ka damu. Ba laifinka ba ne. Ka yi ƙoƙari sosai."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki, gaskiyar tana nan a kan harshena, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya yi miki albarka, Mamana." Na zauna ta lallashe ni, na karɓa.

Don in rage wa kaina nauyi na ce mata baɗi ma a sake nema. Ta girgiza kai ta ce ba ta son wani, wancan ne nata. Ba ta sake tayar da maganar ba. Zuwa laburare ma ya tsaya, tunda babu sauran abin bincike. Taron ƙungiya kuwa ya ci gaba a falona shekara da shekaru, ana yaba tuwon gidana.

Yanzu ta yi aure, tana da ɗa. Da ƙaramar sallar da ta wuce suka zo, muna cin abinci, sai na ji mijinta ya ce wa yaron zai kai shi wani wuri, irin faɗar da ake yi don yaro ya yi shiru. Ta ajiye cokali ta ce masa in ba zai kai shi ba kada ya faɗa. Ta nuna ni ta ce, "Ka ga Baba? Mutumin Kano ne fa, ba ya son kare ko kaɗan, amma saboda ya yi mini alkawari sai da ya yi shekara yana kai ni laburare, ya tuƙa mota har gonar wata mata. Shi ya sa duk abin da ya gaya mini ban taɓa shakka ba."

Surukina ya dube ni da girmamawa. Mamansu ta ci gaba da cin abincinta ba ta ɗago ba. 'Yata tana murmushi tana jira in ce wani abu, ni kuma na gyaɗa kai na ce, "Ai alkawari abu ne mai nauyi."