Diskin gidan rediyonmu

Duk abin da muka naɗa a gidan rediyon garinmu yana cikin diski ɗaya: tarihin da tsofaffi suka ba mu, waƙoƙin noma, da hirar da na yi da Inna, mahaifiyata, wata biyu kafin ta rasu. Katin da na fara naɗar ta a kai, tuni wani ya bi ta kansa da cigiyar akuya. Muryarta ba ta ko'ina sai a can.

Diskin irin na manyan ma'aikatu ne, wata ƙungiya ta ba mu. Teknisiyan da ya zo daga Maraɗi ya haɗa shi ya ce kamfanonin da ke ƙera su tsere suke yi, kowa so yake ya cusa faifai fiye da na ɗan'uwansa cikin akwati guda. Namu, don faifan su juya da sauƙi, an zuƙe masa iskar da muke shaƙa, an ɗura wata marar nauyi, an like shi da walda. Ya ce ko da wasa kada a buɗe shi, in aka buɗe abin da ke ciki ya tafi ke nan. Ni kaɗai ya gaya wa, ni kuwa na riƙe maganar a cikina don a riƙa ce mini masani. Wannan sakarcin nawa ne, ba na kowa ba.

Da diskin ya fara ƙas-ƙas ya daina nuna komai, na ce a tura shi Yamai wurin masu ciro abin da ke ciki. Daraktanmu ya gyaɗa kai. Ranar kasuwar Urafan, ina can ina jin ta bakin masu wake, ya kira ni.

"Na kai ma mai gyaran rediyo abin nan. Ya ce rairayi ne, hurewa kawai za ya yi."

Na kira mai gyaran, waya a kashe. Na hau moto na kama hanyar Tasawa inda rumfarsa take, yashi yana riƙe taya, sau biyu ina faɗuwa. Duk hanya ina zagin darakta, alhali na san wanda ya cancanci zagin.

Mai gyaran dattijo ne mai hannu, kuma a rayuwarsa ba a taɓa kawo masa abu ya mayar da shi a rufe ba. Na iske shi a rumfarsa yana shan shayi.

"Baba, ka taɓa shi?"

"Ai wanga ya ba ni wuya, ɗana. Ba inda za ka kwance, sai da na sa zarto."

Ya ɗaga tsumma. Faifan na ƙyalli, garin ƙarfe a kansu, ga shatin babban yatsansa a tsakiya.

"Da ya huje na ji ya yi ɗan huci. Amma ka hwaɗa ma darakta, ko ƙwayar rairayi babu ciki."

Na zauna a bencinsa. Duk abin da Inna ta faɗa a hirar nan ina iya maimaita shi yau, amma da muryata nake jin sa.