Kwamfutar Gwanjo da Ragon Baba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a akwai kwas ɗin da ya tsaya min a wuya. Kwas ne na babbar manhaja, wato wadda ke tuƙa kwamfuta tun daga kunnawa, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta 'yar tasa da hannunsa. Na riga na faɗi sau ɗaya. In na sake faɗuwa, ƙawayena su wuce hidimar ƙasa, ni in ƙara shekara guda cur.

Malamin bai san wasa ba. Ya ba mu mako biyu kowa ya shirya kwamfutarsa, ranar Litinin ta biyu a zo a nuna masa. Wanda tasa ba ta tashi ba, ya soke sunansa.

Shirin kuwa shi ne ka kafa wata kwamfutar wucin gadi a cikin taka, don in manhajarka ta haukace kada ta tafi da ta gaskiyar. Kwana biyu ina sauke kayan aiki, data na ƙonewa. Na gama, na danna, sai allo ya ce wani makunni a can cikin saitin injin a kashe yake. To, a kunna mana! Na shiga saitin, sai ga ɗan akwati yana neman kalmar sirri. Kalmar sirrin wa? Na gwada tayar da ita da filashi, akwatin nan ya sake tare ni.

Kwamfutar ta gwanjo ce. Babana direba ne a wata ma'aikata, da ofis ya sayar wa ma'aikata tsofaffin kaya ya samo min ita. A naɗe cikin tawul ya shigo da ita gidanmu na Karmo, yana ta murmushi. Shi bai san wata kalmar sirri ba, ko kunna ta bai iya ba.

Ba abin da ban gwada ba. Sunan ma'aikatar, sunan kamfanin da ya ƙera ta, lambobi a jere. Duk kuskure uku sai ta ɗauke wuta. Mai gyara ya juya ta, ya ce sai dai a ƙona wani abu a cikinta, kuma in ta mutu ba ruwansa. Ƙawayena kowa na fama da tata, wa zai ara min? Wallahi har kuka na yi don takaici.

Ran kwana na tara na fito tsakar gida na tarar da Baba yana dama wa ragonsa dusa. Tun yana ɗan ƙarami yake kiwonsa saboda layya, saura mako uku Sallah. Sai kawai bakina ya kufce.

"Baba, wannan fa ba kwamfuta ka sayo min ba, faranti ne! Saboda ita zan maimaita shekara."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, uwata." Ya ci gaba da dama dusarsa.

Washegari ya dawo da labari. Wani masinja ya gaya masa wanda ya saita kwamfutocin ofis ya yi ritaya, yana noma a Sheda. Lambarsa ba ta shiga, sai kwatance. Ranar Asabar na saɓa jaka na fita da safe, ko sallamar kirki ban yi wa Baba ba.

Mota uku na hau, na ƙarasa da ɗan acaba. Na sami dattijon a gonar doya, laka har gwiwa. Ya saurare ni yana share gumi, sai ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci. Ni ina cikin tashin hankali, shi dariya ma yake!

Ya ce, "Yarinya, kawo ta nan."

Bai ko kunna ta ba. Ya kifa ta a kan cinyarsa, ya zare batir. Ga wata 'yar farar takarda manne a ciki, da rubutun biro.

"Ogogin nan kullum suna mantuwa," in ji shi. "Na gaji da kira. Duk wadda na saita, nan nake liƙa mata kalmar sirrinta."

Kwana goma sha ɗaya ina ɗauke da ita a cinyata! Ban san ko in gode masa ko in kurma ihu ba. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro na shigar da kalmar, na kunna makunnin, na tayar da kwamfutar wucin gadin. Ta tashi salin alin, kamar ba ita ta wahalar da ni ba. Dattijon ya haɗa ni da doya biyu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, a mota, na ɗauko waya zan kira Baba, sai na mayar. Har lokacin da sauran fushi a raina, kuma in na kira dole in ba shi haƙuri. Na ce bari sai na isa.

Jiran motoci ya riƙe ni, sai la'asar sakaliya na shiga gida da doya a hannu, ina cewa, "Ta yi! Ta buɗe!" Baba na zaune a kan benci da wata baƙar jaka a gefensa. Ya miƙo min. Kwamfuta ce, ta hannu amma mai kyau.

Ya ce, "Na ji tsoron kada ki je ki rasa mutumin, ga Litinin ta matso. Wannan na sa an buɗe ko'ina a gabana, ba ta tambayar komai."

Na juya wajen turke. Igiya ce kawai a ƙasa, da kwanon dusa ko rabi ba a ci ba. Tun hantsi Baba ya kai ragon kasuwar Dei-Dei.

Ranar Litinin malamin ya leƙa allona, ko minti ɗaya bai yi ba, ya ja alama a gaban sunana ya ce na gaba. Na ci kwas ɗin. Sallar bana kuwa naman maƙwabta muka ci, kuma Baba bai taɓa tayar da zancen ba. Tafiyar Dei-Dei da ciniki ba su ƙare ba sai bayan azahar, ni kuwa tun sha ɗaya wayar tana hannuna.