Kujerar Mutumin Kan Dutse

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma tarihin garinmu na haddace shi kaf, kuma duk likitan da ke Manchester in yana da ja, ya zo. Garinmu a kan dutse yake. Ta gabas kwazazzabo ne, ta yamma idon ruwan da ko a tsakiyar rani ba ya ƙafewa, gonakinmu hawa-hawa da katangar duwatsu, muna noma acca birai na taya mu girbi. Kakanninmu sun hau can ne zamanin yaƙe-yaƙe. Muna da dagacinmu da tambarinmu, har da alƙali mai ido ɗaya. Da aka shimfiɗa titi a kwari, gwamnati ta ɗauki gundumarmu ta liƙa wa garin da ke ƙasa, mutanen da a da mu ke leƙo musu maharan daga sama.

Da ɗana ya kawo ni unguwar Old Trafford ta Manchester jinyar gwiwa, na tarar akwai ɗan garinmu guda a Lozells ta Birmingham, abokin da muka yi kiwon awaki tare. Nan take muka kafa ƙungiyar 'yan kan dutse, ni shugaba, shi sauran jama'a. Duk wata yakan hau bas ya zo, mu zauna a wani ɗaki na laburare a Ardwick, mu sha shayi, mu zagi mutanen kwari.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, council, wato hukumar gari, ta ce ɗaki ɗaya ya rage, ƙungiyoyi su haɗe ko su nemi wani wurin. 'Yan kwari kuwa su ma suna da tasu ƙungiyar a nan, kuma suna da yawa, likitoci da injiniyoyi. Suka kira mu taro. Na ce wa abokina, "An haɗiye mu a gida, ba za a sake haɗiye mu a Ingila ba." Ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, ina bayanka."

A al'adarmu ɗan kan dutse ba ya zama ƙasa da ɗan kwari. In sun zo suna kan tabarma, mu muna kan turmi. Ranar taron muka makara, manyan kujeru duk sun cika, sai 'yan ƙananan nan na yara masu launi. Shugabansu, wani likita sa'an ɗana, ya ce, "Baba, sorry, a yi manage da wannan."

Na ce, "Ɗana, na gode, tsayuwa tana yi wa gwiwata amfani." Ƙarya nake yi.

Na waiwaya in ga jama'ata, sai na hango ta a kan jar kujerar yara, gwiwoyi har haɓa, da farantin sambusa a hannu.

"Kai! Tashi!"

"Alhaji, ƙafata."

"Ƙafarka ta fi kakanka?"

"Kakana bai taɓa zaman bas daga Birmingham ba. Kuma dutsen nan, tsakani da Allah, wa ya rage a kai ban da birai?"

Aka yi dariya har da tafi. Da aka ce masu son haɗewa su ɗaga hannu, ya ɗaga, da sambusar a ciki. Ashe tun a waya sun yi masa alkawarin mataimakin shugaba. Na ɗaga nawa ni kaɗai a kan ƙi, likitan ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," ya wuce batun shayi.

Da aka tashi abokin nawa ya biyo ni tasha yana cewa in tsaya ya yi mini bayani. Ban kula shi ba. Bas mai bene ta zo, na kama ƙarfe na ja gwiwar nan matakala bayan matakala, direba yana jira, wata Baturiya tana turo ni ta baya. Na ji abokina daga ƙasa yana kiran, "Shugaba, ka sauko mu yi magana!" Na zauna a kujerar gaba ta sama, hawaye na zuba, kuma ba duka na gwiwar ba ne.